Shahon Teku da Bayin da Ba a Gani Ba: Waiwaye a kan Fim ɗin The Sea Hawk

A tsakiyar shekarar 1940, sa'ad da rundunonin Jamus suka gama da Faransa suka juyo da fuskarsu wajen Ingila, kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar da wani fim mai suna The Sea Hawk, wato Shahon Teku. An gina labarinsa a shekarar 1585, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, a cikin ƙarnin da Turawa ke kira na farfaɗowar ilimi da fasaha. Fim ne na takubba da jiragen ruwa da soyayya, irin wanda jarumi ke tsalle daga wannan jirgi zuwa wancan riƙe da igiya, yana murmushi, abokan gaba na zubewa a gabansa. Masana fim sun daɗe suna lissafa shi cikin mafi inganci a wannan aji, kuma duk wanda ya kalle shi a yau, bayan shekara tamanin da 'yan kai, zai ga dalili. Sai dai abin da ya sa ya cancanci manazarcin adabi ya zauna a kansa ya zarce kyan sara da suka. Fim ɗin ya jingina hujjarsa kacokan a kan munin bauta, ya kuma nuna wannan muni da gwanintar da ke taɓa zuciya, alhali kuwa mutanen da aka yanko tarihinsu aka ɗinka wa jaruminsa riga sun fara yin suna ne da fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma.

Labarin a Taƙaice

Fim ɗin ya buɗe da Sarki Philip na Biyu na Sifaniya a fadarsa, a gaban wata ƙatuwar taswirar duniya. Yana shaida wa fadawansa cewa tsibirin Ingila ne kaɗai ya tsaya masa a maƙogwaro, kuma rana na nan tafe da wannan taswira za ta daina zama ta duniya ta koma ta Sifaniya. Sai ya tura jakada, Don Alvarez, wanda Claude Rains ya fito a matsayinsa, ya je Landan ya kwantar wa Sarauniya da hankali, shi kuwa ya ci gaba da gina rundunar jiragen yaƙi a asirce. A kan hanya wani kyaftin ɗan Ingila mai suna Geoffrey Thorpe, wato Errol Flynn, ya tare jirgin jakadan da nasa jirgin mai suna Albatross, ya ci shi da yaƙi, ya kwashe dukiyar da ke ciki, ya kwance bayin da ke tuƙa shi. A nan ne ya haɗu da Doña Maria, 'yar ɗan'uwan jakadan, wadda ta fara da ƙinsa ta ƙare da sonsa.

A fada, Sarauniya ta tsawata wa Thorpe a bainar jama'a don kunnen jakada, sannan a keɓe ta saurari shirinsa na zuwa Fanama ya tare ayarin zinariyar Sifaniya. Wani babban bafadenta, Lord Wolfingham, wanda ke ci da Sifaniya a ɓoye, ya gano inda aka nufa, aka riga Thorpe isa aka yi masa kwanton ɓauna. Aka kama shi da sauran mutanensa, kotun cocin Katolika mai binciken aƙida ta yanke musu hukuncin tuƙa jirgi a cikin sarƙa har ƙarshen rayuwarsu. A tashar Kadis Thorpe ya sami labarin wasu takardun sirri da ke tabbatar da shirin mamaye Ingila. Ya jagoranci bayi suka yi bore da dare, suka ƙwace jirgi, ya kai takardun gida, ya kashe Wolfingham a faɗan takobi, Sarauniya ta naɗa shi sarautar jarumta, ta kuma yi alkawarin gina rundunar da za ta tare Philip.

Bahaushe kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Fim ɗin ya yi aiki da wannan hikima a fadar Ingila kaɗai. A can, duk ɓarnar da ta auku daga bafade ta fito, Sarauniya kuwa jinkirinta ma na tausayin talakawa ne, don ba ta son ɗora musu harajin yaƙi. A fadar Sifaniya kuwa mugunta daga kan karaga take farawa.

Gwanintar da Ba a Musu

Daraktan fim ɗin, Michael Curtiz, haifaffen Budafes, ya yi fina-finai fiye da goma tare da Flynn, cikinsu har da Captain Blood na 1935 da The Adventures of Robin Hood na 1938. Kamfanin ya kashe kimanin dala miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, ya gina manyan jirage biyu a cikin wani makeken tafki da aka yi a rufe, domin a ɗauki yaƙin teku ba tare da an je teku ba. An ɗauki fim ɗin da baƙi da fari, in ban da sashen Fanama da aka rina da launin ƙasa-ƙasa don mai kallo ya ji zafin dajin da gumin da ke cikinsa.

Faɗan ƙarshe tsakanin Thorpe da Wolfingham ya zama abin misali a tarihin fim. Henry Daniell, wanda ya fito a matsayin bafaden, bai iya takobi ba, sai Curtiz da mai ɗaukar hotonsa Sol Polito suka mai da rashin ya zama riba. Suka sa faɗan a manyan zaurukan fada da dare, hasken kyandir na jefa inuwar mutanen biyu a jikin bango, inuwar ta ninka su tsawo, har ya zamana inuwoyin ne ke yaƙin. Kiɗan fim ɗin kuwa na Erich Wolfgang Korngold ne, wanda ya tashi a Biyana yana rubuta kiɗan manyan gidajen wasa kafin ya koma Hollywood. Ya bai wa jarumi takensa, ya bai wa soyayya nata, ya bai wa Sifaniya nata, yadda kunne kan san wanda ke tafe tun ido bai gan shi ba. Wanda ya saba da yadda take ke sanar da isowar basarake kafin a hango rawaninsa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Duk da haka, inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne cikin jirgin bayi. Kyamara ta sauka ƙasa, cikin duhu, inda mutane ke jere a kan benci, ƙafafunsu a mari, bayansu tsirara. Mai ganga na buga musu ƙa'idar tuƙi, mai bulala na kai da komo a tsakani, wanda ya faɗi a kan filafilinsa a janye shi a jefar. Flynn da aka saba gani da fara'a ya rame, gemu ya cika masa fuska, murmushin ya ɗauke. Daren boren kusan babu magana a cikinsa, sai ƙarar sarƙa da ake zarewa a hankali da numfashin mutanen da suka san kuskure ɗaya ya ishe su halaka. Da suka ƙwace jirgi suka juya kansa wajen gida, sai suka ɓarke da waƙa gaba ɗaya. Ko mai taurin zuciya zai ji wani abu ya motsa masa a wannan wuri. Fim ɗin ya gamsar da mai kallo sarai cewa ɗaure ɗan Adam a sa shi aiki da bulala abin ƙyama ne, kuma wanda ya tsinka sarƙar ya cancanci a yi masa kirari.

Shekarar 1585 da Shekarar 1940

Babu wanda ya shiga silima a 1940 ya ga Philip a gaban taswira bai tuna da Hitler ba. Haka aka nufa. A lokacin Amurka ba ta shiga yaƙi ba, sai a Disambar 1941, kuma akwai babban ra'ayi a ƙasar da ke cewa rigimar Turai ta Turawa ce. Kamfanin Warner ya riga sauran manyan kamfanoni fitowa fili da adawa da 'yan Nazi, don tun 1939 ya fitar da Confessions of a Nazi Spy. Korngold Bayahude ne, yana Hollywood yana aikin Robin Hood a watan Maris na 1938 lokacin da Jamus ta haɗiye Ostiriya, abin da ya rufe masa hanyar komawa gida. Howard Koch, wanda ya rubuta fim ɗin tare da Seton I. Miller, yana cikin waɗanda suka rubuta Casablanca bayan shekara biyu. Mutanen nan ba wasa suke yi da batun ba.

Saboda haka kowane ɗan wasa a fim ɗin yana sanye da riga biyu. Wolfingham, mai ba da shawarar a lallashi Philip kada a fusata shi, yana tsaye ne a madadin 'yan siyasar da suka yi ta lallashin Hitler har aka kai ga yarjejeniyar Munik ta 1938. Thorpe da takwarorinsa, masu roƙon a gina jirage tun kafin wuri ya ƙure, su ne masu kiran a shirya. Jawabin da Flora Robson ta yi a ƙarshe a matsayin Sarauniya, inda ta ce idan burin mutum ɗaya ya nemi haɗiye duniya to wajibi ne 'yantattun mutane su tashi su tabbatar da cewa ƙasa ta kowa ce, an rubuta shi ne don kunnen mutanen Landan da na Niyok. Manufar mai kyau ce, abokin gabar da ake nufi kuma ya cancanci a yaƙe shi. Amma domin kwatancin ya zauna daram, dole Ingilar 1585 ta fito fes, a matsayin ƙaramar ƙasa mai son 'yanci wadda ba ta taɓa ɗaure kowa ba. Kafin a samu hakan sai da aka cire abu biyu, ɗaya daga littafi, ɗaya daga tarihi.

Abin da Aka Cire daga Littafi

Sunan fim ɗin aro ne daga littafin Rafael Sabatini na 1915. A littafin, jarumin wani basarake ne daga yankin Konwal mai suna Sir Oliver Tressilian, wanda ƙaninsa ya ci amanarsa ya sa aka sace shi, har ya ƙare a matsayin bawa mai tuƙi a jirgin Sifaniyawa. A kan bencin nan ya ƙulla abota da wani Musulmi da aka ɗaure kusa da shi. Mayaƙan tekun Aljiyas ne suka kwance su, Oliver ya musulunta, ya zama kwamandansu, suka laƙaba masa Saƙrul Bahri. Ashe ainihin Shahon Teku laƙabin Larabci ne, kuma mai laƙabin Musulmi ne. Fim maras magana da Frank Lloyd ya yi a 1924 ya bi wannan labari. Littafin kansa bai kuɓuta daga kallon da Turawan zamaninsa ke yi wa Gabas ba, yana cike da kasuwar bayi da makircin cikin gida irin na tatsuniya, ga shi kuma a ƙarshe ya mai da jarumin Ingila. Duk da haka ya yarda da abu ɗaya mai nauyi: ɗan Ingila da Musulmi sun zauna a kan benci ɗaya, bulala ɗaya ta dake su, kuma ceto ta hannun Musulmi ya zo.

Fim ɗin 1940 ya riƙe sunan, ya riƙe bencin, ya sallami Musulmin. Ta fuskar tarihi kuwa Sabatini ya fi kusa da gaskiya. Masu tuƙa jiragen yaƙin Sifaniya a Bahar Rum haɗin gambiza ne na fursunoni 'yan ƙasa da bayi, kuma akasarin bayin Musulmi ne daga Arewacin Afirka da daular Usmaniyya, kamar yadda jiragen Musulmi su ma ke cike da Kiristocin da aka kama. A fim ɗin, duk wanda aka bai wa suna da murya a cikin masu sarƙa ɗan Ingila ne.

Ita ma Elizabeth ta tarihi ba ta tsaya ita kaɗai ba kamar ta fim. A shekarar 1585 ɗin nan da labarin ke gudana ta ba da izinin kafa kamfanin ciniki da Maroko, inda Sarki Ahmad al-Mansur ke mulki tun 1578. Ingila na kai tufafi da katako da kayan yaƙi, tana karɓo sukari da sinadarin haɗa albarushi. A 1600 jakadan al-Mansur, Abdulwahid bin Mas'ud, ya zauna watanni a Landan, kuma daga cikin abin da aka tattauna har da haɗa kai a yaƙi Sifaniya. Sarauniya 'yar Furotesta da sarki Musulmi sun sami abokin gaba ɗaya. Wannan ƙawance ba shi da gurbi a fim ɗin da ke son nuna tsibiri ɗaya tilo a gaban azzalumi.

Abin da Aka Cire daga Tarihi

Akwai wani wuri a farkon fim ɗin da Doña Maria ta kira Thorpe ɓarawo. Shi kuwa ya dubi kayan adonta na zinariya, ya lura aikin mutanen Aztek ne na Meziko, ya tambaye ta ta wace hanya aka shawo kan masu su har suka rabu da su. Tambaya ce mai kaifi, tana kuma nuna cewa marubutan sun san yadda ake bin diddigin dukiya a gano jinin da ke jikinta. Sau ɗaya suka yi ta, kuma Sifaniya suka yi wa. Laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani.

Thorpe ƙirƙira ne, amma kowa ya san daga Francis Drake aka zana shi: harin ayarin dukiya a Fanama, shiga tashar Kadis, naɗin sarauta a kan jirgi, duk nasa ne. Drake kuwa ya koyi teku ne a gidan danginsa, su John Hawkins. Tsakanin 1562 da 1569 Hawkins ya yi tafiya uku zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, yana kama mutane ko yana ƙwace su daga jiragen Fotugal, yana tsallakawa da su ya sayar a yankunan Sifaniya na Amurka. A tafiyar farko ya ɗebi kimanin mutum ɗari uku daga yankin Saliyo. Ribar ta yi daɗi har Sarauniya ta sa hannu, ta ba da aron jirginta mai suna Jesus of Lübeck a tafiya ta biyu da ta uku. Alamar gidan sarautar da aka bai wa Hawkins tana ɗauke da hoton baƙar fata ɗaure da igiya. Drake yana cikin tafiya ta uku, wadda aka kwashi mutum fiye da ɗari huɗu, wasunsu bayan an taimaka wa wani sarki ya ci garin abokan gabarsa.

Wannan tafiya ta ukun ce ta haifi ƙiyayyar Drake ga Sifaniya. A watan Satumba na 1568 jiragen Sifaniya suka far wa na Hawkins a tashar San Juan de Ulúa a gaɓar Meziko, biyu kaɗai suka tsira. Abinci bai isa ba, Hawkins ya sauke kimanin mutum ɗari a gaɓa ya tafi. Da yawansu sun faɗa hannun kotun binciken aƙida, wasu aka yi musu bulala aka tura su tuƙin jirgi. Ɗaya daga cikinsu, Job Hortop, ya yi shekara goma sha biyu a kan benci, bai koma Ingila ba sai 1590, ya kuma wallafa labarinsa a shekarar da ta biyo. Ke nan hoton da fim ɗin ya fi ƙarfi a kansa, na 'yan Ingila a cikin sarƙar Sifaniya, yana da tushe a tarihi. Abin da ya ɓoye shi ne abin da ya kai su can. Mutanen da aka ɗaure sun tsallaka teku ne da wasu mutane a ɗaure a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Sashen Fanama ma haka yake. A fim, Thorpe da mutanensa su kaɗai suka kutsa daji, suka sha sauro da taɓo. A tarihi, Drake ya kai hari garin Nombre de Dios a 1572 bai yi nasara ba, ya fita da rauni. Waɗanda suka buɗe masa hanya su ne 'yan Afirka da suka gudu daga bautar Sifaniyawa suka kafa garuruwansu a cikin dajin, waɗanda ake kira Simaron. A tafiyar da ya yi cikin dajin a farkon 1573, 'yan Ingila goma sha takwas ne, Simaron talatin. Su suka san hanya, su suka nemo abinci, su suka gina masaukai, shugabansu Pedro ne ya hau da Drake kan wata doguwar bishiya ya nuna masa tekun Fasifik. Da taimakonsu, da na wasu Faransawa, aka tare ayarin alfadarai a ƙarshe aka kwashi azurfa da zinariyar da ta mai da Drake attajiri. Da fim ɗin na neman bayin da suka tsinka sarƙarsu da hannunsu suka yaƙi Philip, ga su nan a daidai wurin da ya kafa kyamararsa. Bai kira su ba.

Ba sai an zargi marubutan da mugun nufi ba. Zubin labarin jarumta ne ya bukaci haka, kuma ba a wannan fim ya fara ba. A Captain Blood, wanda shi ma daga littafin Sabatini aka ɗauko, Flynn ya fito a matsayin likitan da aka sayar bawa a Jamaika, tsibirin da aka gina arzikinsa da gumin 'yan Afirka, amma baƙin cikin da aka nemi mai kallo ya ji na Baturen da aka ɗaure ne. A duka biyun bauta ta zama abin takaici ne saboda ta faɗa kan wanda ake ganin bai dace da ita ba.

Inda Ake Ja Layi

Wannan dabara ta ware waɗanda sarƙarsu ke da zafi ba ta Hollywood kaɗai ba ce, kuma zamanin da fim ɗin ke magana a kai ya bar misalinta a kusa da gida. Al-Mansur ɗin nan, abokin cinikin Elizabeth, shi ne ya tura Judar Basha da 'yan bindiga suka tsallaka Sahara suka karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Cikin malaman Tumbuktu da aka kwasa zuwa Marrakesh a ɗaure a 1594 akwai Ahmad Baba. Bayan ya dawo gida ya rubuta Mi'irajus Su'ud a 1615, yana amsa tambayar wa ya halatta a bautar. Ya yi watsi da da'awar cewa baƙar fata dalili ce ta bauta, ya ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Matsayi ne na jarumta a zamaninsa, daga bakin wanda ya ɗanɗani mari. Amma shi ma layi ya ja, ya bar waɗanda ke bayan layin a inda suke. Fim ɗin ya ja nasa a kan ƙasa da launi, malamin ya ja nasa a kan addini.

A nan ne fim ɗin ke da abin faɗa wa manazarcin adabin Hausa. Kirarin mayaƙa da waƙoƙin sarauta da labaran yaƙe-yaƙe suna cike da garuruwan da aka ci da ganimar da aka kwaso, kuma zubinsu, kamar na The Sea Hawk, yana sa mai sauraro a bayan dokin jarumi. Waɗanda aka koro a gaban dokin adadi ne kawai. Shi ya sa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita daban a cikin littattafan gasar 1933, don ya bi sawun yaron da aka sace da uwar da ta tsallaka hamada tana nemansa. Gane wannan bai rage wa kirari daɗi ba, kamar yadda sanin tarihin Hawkins bai dushe inuwoyin Curtiz ba. Yana dai ƙara wa mai nazari tambaya ɗaya a kan waɗanda ya saba yi game da jigo da salo: a cikin waɗanda suka sha wuya a wannan labari, wa aka bai wa suna?

Tambayar ba ta tsaya a 1585 ba. A watannin da ake nuna fim ɗin, sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen bariki ga da yawansu, suna Gabashin Afirka suna shirin yaƙar Italiya a ƙarƙashin tutar Ingila, daga baya kuma aka kai su Bama. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a 1939, tana yi wa masu karatunta bayanin wannan yaƙi a matsayin na kare 'yanci daga azzalumi, wato saƙon da Sarauniyar fim ta isar. A watan Agusta na 1941 Churchill da Roosevelt suka fitar da sanarwar Atlantika mai cewa kowace al'umma na da haƙƙin zaɓen irin mulkin da take so. Wata ɗaya bayan haka Churchill ya shaida wa majalisa cewa ƙasashen Turai da 'yan Nazi suka mamaye ake nufi da farko, batun ƙasashen da Ingila ke mulka daban ne. Layin da aka ja a cikin jirgin bayi na fim shi ne aka sake ja a majalisa.

Fim ɗin ya cancanci a kalle shi, ya kuma cancanci a sa shi a gaban ɗalibai, muddin an ajiye tarihin a gefensa. Hortop ya koma gida ya bar littafi da sunansa a bango. Mutum ɗari huɗu da 'yan kai da jirginsa ya ɗauka daga Saliyo ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Daga cikin 'yan Afirkan da suka yi hulɗa da Drake, tarihi ya riƙe sunan wani Diego, wanda ya gudo daga bauta ya shiga jirginsa a Nombre de Dios a 1572, ya haɗa shi da Simaron, ya bi shi Ingila, ya kuma shiga tafiyar zagaya duniya da aka fara a 1577 a matsayin ɗa mai karɓar lada. An harbe shi da kibau a wani tsibiri a gaɓar Chile, ya rasu kusan shekara guda bayan haka, a 1579, a kusa da tsibiran Maluku. Drake ya isa gida a 1580, aka naɗa shi sarauta a kan jirginsa a shekarar da ta biyo.